Martani Ga Barista: Wa Ya Ƙirga Waɗanda Suka Rataye Baƙar Riga?

Makon jiya a wannan shafi, wani babban lauya da ya riga ni sanya baƙar riga da shekaru masu yawa ya yi wa sababbin lauyoyi faɗa. A ganinsa lauya ba ya rasa aiki, tunda takardar da aka miƙa masa ranar rantsuwa ta ba shi ikon buɗe ofishin kansa ko da washegari ne, don haka duk wanda ya fito daga Makarantar Horas da Lauyoyi ya zauna yana kukan babu, shi ya so. Ya ce yaran yanzu gaggawa gare su, suna son mota da gida tun a shekarar farko, alhali su da suka fito a shekarun 1980 da ƙafa suka riƙa bin kotuna ɗauke da jakar maigida, ga shi kuma yau Allah ya rufa asiri. Ya ƙare da tuna musu cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ranka ya daɗe, na san ladabin aikinmu, ƙarami ba ya miƙewa a kotu sai babba ya zauna. To amma ku kuka koya mana cewa wanda ya yi da'awa shi ke kawo hujja. Na bi rubutunka daga farko har ƙarshe, shaidun da ka gabatar su ne kai kanka da abokan karatunka ƙalilan da suka zama alƙalan manyan kotuna ko suka samu lambar girma ta manyan lauyoyi, SAN. Ku nawa ne a ajinku? Sauran suna ina? Lauyan da ya zo gaban alƙali da shaidun da suka dace da bukatarsa kawai, ya ɓoye ragowar, kai da kanka za ka tashi ka ƙalubalance shi.

Matsalar ta wuce rubutunka, domin a ƙasar nan babu hukumar da ke ƙirga wannan abu. Makarantar Horas da Lauyoyi tana fitar da sakamakon jarrabawa dalla-dalla, a ji mutum nawa suka fita da daraja ta ɗaya, nawa suka faɗi. Ranar rantsuwa a Abuja a sanar da adadi, kamar yadda aka rantsar da sama da mutum 4,000 cikin watan Maris na 2024. A ɗauki hotuna, iyaye su yi walima, a buga kalanda. Daga ranar lissafi ya tsaya. Ba a ɗora wa wata tsangayar shari'a nauyin ta faɗi inda ɗalibanta suke bayan shekara ɗaya da gama hidimar ƙasa ba: nawa ke ofishin lauyoyi, nawa ke ma'aikatar shari'a, nawa ke koyarwa a makarantar kuɗi, nawa ke sayar da atamfa ta WhatsApp, nawa ke zaune a gida. Idan ba a ƙirga ba, kowa sai ya faɗi abin da ya yi masa daɗi, kuma maganar mai babban suna ita ake ji.

Amurkawa sun taɓa zama a irin wannan duhu. Shekaru da dama makarantun shari'a na can suna tallar cewa sama da kashi 90 cikin 100 na ɗalibansu sun samu aiki, ba tare da sun bayyana cewa har mai sayar da shayi a kanti da mai aikin wucin gadi na 'yan makonni sun saka a lissafin ba. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, tsofaffin ɗalibai da bashin karatu ya yi wa katutu suka fara maka makarantunsu a kotu. Yawancin ƙararrakin ba su yi nasara ba, amma surutun ya sa ƙungiyar lauyoyin ƙasar, wadda ita ke tantance makarantun, ta tilasta wa kowace makaranta ta riƙa wallafa cikakken bayani duk shekara: wa ya samu aikin da sai lauya ke yin sa, na dindindin ne ko na ɗan lokaci, makarantar ce da kanta ta ɗauke shi don ta gyara lissafi ko kuwa. Da aka fitar da na 'yan ajin 2011, sai aka ga kusan kashi 55 cikin 100 ne kawai suka samu cikakken aikin lauya wata tara bayan kammalawa. Iyaye da ɗalibai suka ga gaskiya, masu shiga shekarar farko suka ragu daga kusan 52,000 a 2010 zuwa kusan 37,000 a 2015, wasu makarantun suka rufe. Kafin lissafin ya fito, su ma manyansu cewa suke yi yaran ne ba su da haƙuri.

Mu dawo gida, mu duba abin da yaro ke zubawa kafin ya kai ga wannan riga. Shekara biyar a jami'a, idan ba a yi yajin aiki ba, kuma wanda ya shiga a 2018 ya ci karo da na ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Sai jiran gurbi a Makarantar Horas da Lauyoyi, wanda kan kai shekara ko fiye ga waɗanda jami'arsu ta ɗibi ɗalibai sama da ƙa'ida. Sai shekara guda a Bwari ko Bagauda ko Yola ko Legas ko Inugu ko Yenagoa ko Fatakwal, inda kuɗin makaranta ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000 a zangon 2023/2024, ban da abinci da littattafai da kuɗin mota da kwat da farar riga, ban da hula da rigar rantsuwa. Sai hidimar ƙasa. Akwai gidajen da aka sayar da gona ko shanun huɗa kafin a haɗa kuɗin nan, bisa fatan cewa idan an samu Barista a gida an huta.

Ga abin da ke jiran Baristan. Mai hidimar ƙasa yana karɓar alawus na naira 77,000 tun daga 2025. Mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Ni da idona na san ofisoshin lauyoyi a Kano da Kaduna da ke biyan ƙaramin lauya abin da bai kai ko ɗaya daga cikin biyun ba, wato yaro ya gama hidimar ƙasa ya fara aiki, samunsa ya ragu. Na san inda babu albashi sam, sai dai kuɗin mota ranar da aka aike ka kotu, sai kuma ɗan abin sallah. Kuma masu yin haka ba su karya doka ba, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ofisoshin lauyoyin da suka kai wannan adadi a Arewa kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Mu da muke zuwa kotun ma'aikata muna kare haƙƙin direbobi da masu gadi, a ofisoshinmu ba takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ba inshorar lafiya. A lissafinka, ranka ya daɗe, wannan yaro yana da aiki. Haka makarantun Amurka suke lissafi kafin a kama su.

Ka leƙa harabar kowace kotun majistare da ƙarfe takwas da rabi na safe. Za ka ga saurayi ya sauko daga adaidaita sahu, baƙar kwat a jiki cikin zafin Afrilu, wuyan farar rigarsa ya fara cin zare, fayil a hammata. Maigida ya aiko shi ya roƙi a ɗage shari'a. Zai zauna a benci na baya har a gama da na manya, tunda bisa girma ake kiran shari'o'i, nasa aikin kuma bai wuce ya miƙe ya yi magana ta minti biyu ba. Idan ya fito ba zai koma ofis kai tsaye ba. Zai tsaya a inuwar bishiya kusa da inda motar gidan gyaran hali ke sauke mutane, yana duban fuskokin 'yan uwan waɗanda aka kawo, ko Allah zai sa wata tsohuwa ta matso ta ce, “Barista, ɗana ne aka kama.” Za a yi ciniki a tsaye, ta kwance bakin zane ta ba shi abin da ya samu, ya rubuta takardar neman beli a kan gwiwarsa ya kai shagon kwamfuta a buga. Manyan lauyoyi suna wucewa a mota suna kiran irinsa lauyan beli, suna cewa su ke zubar da mutuncin aiki. Babu wanda ya yi shekara bakwai yana karatu don ya ƙare a gindin bishiyar nan. Abincin dare ne ya kai shi.

Ka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Gaskiya ne, amma wa zai riƙa sayen itacen da za a yi shekara goma ana hurawa? Tsarin mulki ya ce sai lauya ya shekara goma da rantsuwa kafin ya zama alƙalin babbar kotu, lambar SAN ma sai bayan shekara goma ake neman ta. Ba na jayayya da cewa aikin nan da daɗewa yake albarka. Abin tambaya shi ne wa ke iya jira. Ɗan da mahaifinsa ya ba shi mota da ɗaki a gida, yana iya shekara biyar yana koyon aiki kyauta a babban ofishi, ya fito da ƙwarewa da sanayya. Ɗan manomi daga Gwarzo ko Ɓaɓura, wanda ƙanne ke jiran ya biya musu kuɗin jarrabawa, wata shida ya yi yawa. Zai karɓi aikin koyarwa ko na banki ko na wata ƙungiyar agaji, ko ya shiga kasuwa, ya rataye rigar. Mata kuma abin ya fi tsanani: wadda albashinta bai isa kuɗin adaidaita da na mai raino ba, da wace hujja za ta shawo kan mijinta ko mahaifinta cewa ta ci gaba da fita? Azuzuwan shari'a a Bayero da Ahmadu Bello cike suke da mata, ka je babbar kotu ka ƙirga nawa ne suke tsayawa da shari'a bayan shekara biyar. Da haka ake tace mutane, kuma matatar ba ta duba hazaƙa, ƙarfin gida take dubawa. Bayan shekara ashirin waɗanda suka rage su hau shafin jarida su ce haƙurinsu ne ya kai su.

Zancen tafiyar ƙafa da kuka yi ma yana bukatar a cika shi. Na yarda kun sha rana. Amma lokacin da Makarantar Horas da Lauyoyi ta buɗe a Igbosere, Legas, a 1963, ɗalibai takwas ne a ajin farko. Arewa gaba ɗayanta ba ta samu lauya ɗan ƙasa ba sai a 1955, lokacin da aka rantsar da Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori a Ingila. Har zuwa shekarun 1970 jihohin Arewa suna ɗauko alƙalai da lauyoyin gwamnati daga ƙasashen waje saboda babu isassu a gida. Sannan a zamaninku ake ta ƙirƙiro jihohi, adadinsu ya kai 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Kowace sabuwar jiha sai ta kafa ma'aikatar shari'a, da babbar kotu, da kotunan majistare, da majalisar dokoki mai bukatar masu tsara doka. Katsina da Jigawa da Kebbi da Yobe da Zamfara da Gombe duk a gabanku aka yanke su, kujerun kuma ku kuka fara zama a kai. Tun 1996 ba a ƙara jiha ko ɗaya ba, amma tsangayoyin shari'a sai ƙaruwa suke, na tarayya da na jihohi da na 'yan kasuwa. Mutumin da ya fito lokacin da kujeru ke neman masu zama bai kamata ya yi wa wanda ya tarar da su a cike gorin juriya ba.

Sai batun buɗe ofishin kai. Da me? Hayar ɗaki a titin gidan Zoo ko Murtala Muhammad Way ta shekara ake biya, ga tebur da kwamfuta da janareta da littattafan hukunce-hukunce, ga kuɗin aiki na shekara da dole a biya kafin ƙarshen Maris, ga hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, NBA, da babu takardar da za ta shiga kotu ba tare da shi ba. Ƙa'idojin aikinmu sun taƙaita talla, sun hana bin mutane neman shari'a, sun kuma hana lauya mai aiki haɗa lauyanci da kasuwanci sai da izini. Mai babbar shari'a furfura yake nema. Ƙananan ayyukan da sabon lauya ke rayuwa da su a da kuwa sun zube ɗaya bayan ɗaya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum damar yi wa kamfaninsa rajista da kansa a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba sai lauya ya sa hannu a takardar cika sharuɗɗa ba, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa sakatare. Yau yaron shagon intanet ke yin aikin a kan kuɗi kaɗan. Kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Legas a 2018 da Kano a 2019 an tsara su ne yadda mutum zai tsaya wa kansa. Cinikin fili da gida, wanda doka ta ce lauya kaɗai ke da ikon karɓar kuɗi ya rubuta takardarsa, a unguwanninmu dillali da mai unguwa ke gama shi, dillali ya karɓi la'adarsa cas, a kwafo tsohuwar takarda a canza sunaye. Sai rigima ta tashi ake tuna lauya. Wasu daga cikin sauye-sauyen nan alheri ne ga talaka, ban ce a soke su ba. Amma wanda zai ba matasa shawara ya kamata ya san kasuwar da ya sani ta tashi.

Inda na yarda da kai shi ne ƙorafinka a kan inganci. Akwai sababbin lauyoyin da ba sa iya rubuta takardar rantsuwa mai shafi ɗaya ba tare da kuskure ba, na gani, kowa ya gani. To wa ya ɗauke su, wa ya koyar da su, wa ya yaye su? Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, jami'o'i suka riƙa ninka shi saboda kuɗin makaranta. A 2023 an dakatar da wata jami'a mai zaman kanta a Abuja daga ɗaukar ɗaliban shari'a na shekara biyar, bayan an gano ta tara ɗaruruwa alhali gurbin 50 aka ba ta a shekara. A farkon 2025 JAMB ta sanar da dakatar da ɗaukar ɗaliban shari'a a jami'o'i takwas. Yaro ɗan shekara sha bakwai da ya cike fom ba shi ya karya ƙa'idar ba. Kuma idan ya zo ofishinka ka mayar da shi ɗan aiken kai takardu da neman ɗage shari'a har shekara uku, ba ka taɓa zaunar da shi kun tsara tambayoyin shaida tare ba, rashin iyawarsa akwai kasonka a ciki.

Kada kuma a ɗauka ina tare da masu cewa lauyoyi sun yi wa Najeriya yawa. Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke, wasu sun daɗe a ciki fiye da hukuncin laifin da ake zargin su da shi, akasari saboda babu mai tsaya musu. Daga cikin ƙananan hukumomi 44 na Kano, ka fita daga birni ka nemi allon ofishin lauya ka gani. A kotunan shari'ar Musulunci zawarawa da marayu suna rasa gadonsu don ba su san yadda ake ɗaukaka ƙara ba, ga kuma matasan da suka haɗa karatun dokar ƙasa da na shari'ar Musulunci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suna yawo da takardu. Sashe na 66 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya ce a kowane babban ofishin 'yan sanda na yanki a samu aƙalla jami'i ɗaya wanda lauya ne, mai lura da kiyaye haƙƙin waɗanda aka kama. Ka shiga caji ofis na unguwarku ka tambaya ko akwai shi. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa tun 1976 tana nan, lauyoyinta ba su kai ko kusa da yawan masu bukata ba. Mai bukatar lauya ba shi da kuɗi, lauyan ba shi da mai biya, gwamnatin da doka ta ɗora wa haɗa su ta yi shiru. Da manyan lauyoyi sun sa nauyin bakinsu a nan, da ya fi amfani a kan yi wa yara wa'azin haƙuri.

Matasan ma sun riga sun ba da amsarsu. A zaɓen NBA na 2020 sun taru suka zaɓi Olumide Akpata, wanda ba SAN ba ne, ya kayar da SAN biyu, kuma halin da ƙananan lauyoyi ke ciki na cikin manyan batutuwan yaƙin neman zaɓen. A 2023 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya sa hannu a kan umarnin da ya ƙayyade mafi ƙarancin kuɗin da lauya zai caji wanda ya kawo masa aiki. An yi murna, an ce idan ofis ya samu, yara ma za su samu. Sai dai umarnin ya tsaya ne a tsakanin ofis da mai kawo aiki. Abin da maigida zai ba yaron da ya kwana yana rubuta takardun, an bar shi ga tausayin maigida.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ta sanya wa kowace tsangaya sharaɗin wallafa inda ɗalibanta suke shekara ɗaya bayan hidimar ƙasa, tare da irin aikin da matakin albashin, wadda ta ƙi a rage mata gurbi. Uban da zai sayar da gona yana da haƙƙin ya ga wannan lissafi kafin ya kira dillali. NBA kuma, wadda ta iya hana takarda shiga kotu saboda rashin hatimi, ta iya hana hatimin ga ofishin da ba ya ba lauyoyinsa takardar ɗaukar aiki da albashin da ya kai na doka. Kwamitin da ke ba da lambar SAN yana zuwa duba ofis da ɗakin karatun mai nema, to ya riƙa duba takardar biyan albashi ta wata goma sha biyu, ya kuma tambayi yaran a bayan idon maigida.

Kai kuma, ranka ya daɗe, tunda ka ce lauya ba ya rasa aiki, hujja mafi sauƙi tana cikin durowar ofishinka. Ka dawo wannan shafi mako mai zuwa ka faɗa mana ƙananan lauyoyi nawa ka ɗauka cikin shekara goma da suka wuce, nawa kake biyan kowannensu a wata, kuma nawa ne daga cikinsu har yau suke zuwa kotu.